Ɗan Tudun Manganis

Shekara biyu na yi ina bin wani ɗan tudu a jikin zane. Aikina a jami'ar da nake karatu a ƙasar waje shi ne binciken burbushin taurarin da suka tarwatse. Iskar da tauraro ya bari tana da zafi ƙwarai, tana fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wata na'ura a sararin samaniya ce ke kama hasken, mu kuma mu mai da shi zane a kwamfuta. Kowane sinadari da inda tudunsa ke fitowa, silikon da farar wuta da ƙarfe. Nawa ƙarami ne, dab da na ƙarfe, na kuma yi imani manganis ne.

Da na zo hutu Sokodé, a shagon Inna da ke unguwar Didaouré nake buɗe kwamfutar, tsakanin turamen atamfa. Ba ta taɓa tambayata abin da nake dubawa ba, sai dai ta ce in matsa in mai saye ya shigo.

Yayana malamin kimiyya ne a wata lise, wato sakandare, a Dapaong. Shi ya ce in zo in yi wa ɗalibansa bayani. Motarmu ta wuce garin Mango ke nan saƙon malamina ya shigo waya. Ya ce an juya na'urar wajen da babu burbushin komai, tudun ya sake fitowa. Daga ƙarfen jikin na'urar yake. Na karanta sau biyu, na mai da wayar jaka.

Yaya ya tarye ni a tasha da babur. Kafin in hau na faɗa masa.

Ya ce, "Shekara biyun fa?"

Na ce, "Sun tafi, Yaya."

"To gobe me za ki gaya wa yara?"

Abin da ya faru na gaya musu. Na zana tuddan a allo da alli, na yi wa ƙaramin da'ira, na ce wannan ba na tauraro ba ne. Wata ɗaliba 'yar garin Korbongou ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, sauran fa, yaya aka san na tauraron ne?" Na ce su in an juya na'urar ɓacewa suke yi. Ta rubuta.

Da rana matar Yaya ta yi tuwon dawa da miyar kuka, na ci sosai. Kwana biyu na ƙara a Dapaong. A ɗakin baƙinsu na cire babin manganis daga kundina, na buɗe sabon shafi na fara auna farar wuta.