Sunan da Na Gyara wa Kakana

Talata: Deira zuwa Faransa

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito daga gidana a unguwar Deira ta Dubai. Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina, ta rako ni bakin ƙofa tana lalube da sanda. Daga Damagaram ta zo aikin ido, shekarunta sun haura tamanin. Tana cikin uwarta aka ɗauki mahaifinta, kakana, soja zuwa Faransa, bai dawo ba. Tun tana yarinya ake yi mata gori cewa ubanta ya auri Baturiya ya manta da su.

"In gaskiya ne ka faɗa min," ta ce. "Ban da daɗin bakinku na 'yan kasuwa."

Shaidarmu ɗaya ce: tsohon katin gaisuwa da ya aiko, ɗauke da hatimin wani ƙauye.

Minti goma tasi ta kai ni filin jirgi. Mun tashi ƙarfe takwas, awa bakwai muka yi a sama. A Paris jami'in shige da fice ya tambaye ni dalilin zuwa. Na ce masa da Faransanci kakana nake nema. Ya dubi furfurata, ya buga hatimi. Daga nan jirgin ƙasa, awa biyu da rabi. Na ga gonaki a Turkiyya da Sin, amma ban taɓa ganin shanu da yawa haka ba makiyayi ba. A ƙaramin otal kusa da tasha na sauka, na ci burodi da cuku da miyar albasa, bayan na tabbatar babu naman alade.

Laraba: gidan ajiyar takardu

Ƙarfe tara suke buɗewa. An karɓe jakata da birona, aka ba ni fensir. Ma'aikaciyar, wata dattijuwa mai tabarau a ƙirji, ta nuna min wasiƙar da na aiko musu daga Dubai da sunan kakana a ciki.

"Mun duba Musa," ta ce. "Babu shi a rajistar mutuwa ta ƙauyen, babu a ta aure."

Na zauna har azahar ina buɗe littattafai da kaina. Shirun wurin ya fi na masallaci bayan an idar da salla. A kasuwarmu ta Naif a Deira kuwa mutum ba ya jin tarinsa. Ban samu komai ba.

Ƙarfe biyu ta kawo rajistar wani tsohon asibiti da aka kwantar da sojojin Afirka. Rubutun hannun ya gagare ni, sai ta riƙa karanta min sunayen a hankali. A shafi na huɗu ta ce, "Kalamu, Mirya."

"Dakata, Madam. Maimaita."

"Kalamu. Ai ba Musa ba ne."

Kunya ta kama ni. A gidanmu ba wanda ya taɓa ce masa Musa. Kallamu muke ji a bakin manya. Ni ne da nake rubuta wasiƙar na ga Kallamu laƙabi ne, bai dace da takardar hukuma ba, na mayar masa da sunansa na yanka. Na bayyana mata cewa a wurinmu duk Musa Kallamu ne, don Allah ya yi magana da Annabi Musa.

"Harsuna nawa ka ce kana ji?" ta tambaya.

"Biyar."

"Ga shi ka manta da na farkon," ta ce, tana dariya.

Ciwon huhu ne ya kashe shi, a sanyin farko da ya riske shi a can. A gurbin iyali an rubuta yana da mata ɗaya, Adiza, a Mirriya, garinmu na Damagaram. Hadiza ke nan, kakata. Ma'aikaciyar ta ɗaukar min hoton shafin.

Alhamis: ƙauyen

Kilomita talatin da biyu ne, bas ɗaya ce a rana. Direban ya sauke ni a bakin maƙabarta. Kaburburan sojoji bakwai ne a jikin katanga, an share su tas. Nasa ne na uku. Na duba alƙibla a waya, na ga ba su kauce sosai ba. Na yi masa addu'a, na yi wa sauran shidan, tunda ban san ko nasu sun taɓa zuwa ba.

Asabar: gida

Da la'asar na iso Deira, zafi ya tare ni tun daga ƙofar filin jirgi. Gwaggo tana kan darduma. Ba ta bari na cire takalmi ba.

"Ya yi auren?"

"Bai yi ba, Gwaggo. Rasuwa ya yi, kina jaririya."

Na karanta mata shafin, ina mayar da shi Hausa. Da na zo gurbin iyali ta ɗaga hannu.

"Wa ya gaya musu sunan Inna?"

"Shi mana. Wa ya san ta a can?"

"Da bakinsa? A gaban Nasara?" Ta rufe baki da gyale. "Uwargidansa guda! Lallai soja ba shi da kunya."

Ta karɓi takardar, ta ce in ɗora mata yatsa a kan wurin. Na ɗora. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa baiwar Allah mai tabarau. Wanda duk zai je neman nasa, ya tafi da sunan da ake kiransa da shi a gida.