Saiti Uku da Ragon Isufu

Duk wanda ya taɓa sauka a unguwar Misfala ta Makka da jaka mai tsinkakken zif ya san Isufu, ko bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan da furfura ta kama wa gemu ta ƙyale kai, wanda ke zaune a wani lungu da bai fi tabarma biyu ba, tsakanin mai shayi da mai carbi, keken ɗinki a gabansa, jakunkunan alhazai tsibi a bayansa. Shekara talatin da huɗu ya yi a wurin. Ashirin da bakwai daga ciki ina ajiye motar kayana a gabansa ina tare masa iska, yana zagina ina ramawa. Abota ke nan a wurinmu.

Yana da shekara tara uwarsa Hure ta kawo shi hajji daga Tungar Maje, wani ƙauye a Nijar, ba su koma ba. Ubansa shi ne Sarkin Bakan ƙauyen, shugaban maharba, kuma Isufu bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Sai dai ɗan Sarkin Baka ya girma a garin da aka haramta farauta a cikin iyakarsa, inda tattabara ke yawo tsakanin ƙafafun mutane kamar ita ce mai unguwa. Har ya kai shekara hamsin da takwas, abin da ya fi kama da kibiya da ya taɓa riƙewa shi ne basilla.

Bara, bayan alhazai sun watse, wansa ya rasu a can gida. Dattawan ƙauyen suka aiko da saƙon murya. Kwarin ubansu, in ji su, yana rataye a ɗakin marigayi, kuma al'adarsu ba ta canja ba: ranar buɗe daji ɗan gidan ne ke sakin kibiyar farko. In ta sami nama, kwari ya ci gaba da zama a gidan. In ta faɗi banza, a sauke shi a kai wani gida. Wan bai bar ɗa namiji ba, saura Isufu kaɗai. Bindiga ce kawai ba su yarda da ita ba, baka kuwa ya zo da irin wanda ya ga dama. Wata biyar suka ba shi.

Na ce masa ya aika musu da dabino da ban haƙuri, ya zauna ya ɗinka jakarsa. Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa.

"Mukhtaru, mi ka sani game da gado? Kai da tsohonka ya bar ma buta."

Butar ma a fashe take, amma ban gaya masa ba.

Ni na kai shi Rusaifa, kuma har yau ina jin haushin kaina. Akwai wani shagon kayan zango da na wasanni a can, mai shi Mish'al, jikan wata Bakanuwa da muka sani. Nan aka haife shi, Hausarsa rabi ce, rabin ma Larabci ya cinye ta. Ya fito wa Isufu da baka irin na zamani, mai tayoyi sama da ƙasa, wanda in ka gan shi a hanya za ka ce keke ne mota ta taka. Sannan ya ce baka ba ya tafiya sai da nishan, abin da mu muke cewa saiti. Wani zobe ne da ake ɗaurawa a jikin bakan, da tsinke a ciki mai ɗigon haske a kansa. Ka ja tsirkiya zuwa fuskarka, ka leƙa ta wani ɗan rami da ke jikinta, ka ɗora ɗigon kan abin da kake so, ka saki. In tsinken ya fi ɗaya, kowanne da nisan da yake wa aiki.

Kafin ya zaɓi bakan, tambaya ɗaya tak Mish'al ya yi. Ya ce, "Ya Ammi," wato Baba a bakinsu, "da wane hannu kake cin abinci?"

Don Allah a duba min wannan tambaya. A Makka, a gaban mutane, ka tambayi dattijo Musulmi da wane hannu yake cin abinci. Me kake jira ya ce? Ko bahago ne na haihuwa, ai tun yana rarrafe uwarsa ta doke hannun. Isufu ya ce dama, har da ɓata rai. Mish'al ya ce halas, wato an gama, ya naɗe masa bakan da ake ja da dama, da saiti mai tsinke uku. Ina tsaye ina kallo, ina shan shayin shagon kamar wata saniya.

Wurin koyo kuma Isufu ya zaɓi rufin gidansu. Ya jingina tsohuwar katifa da bango, ya zana da'ira a kwali ya liƙa. Na ce masa harbi a tsakiyar gari hauka ne, ya bari ranar Juma'a in fitar da shi bayan iyaka. Ya ce ba shi da Juma'o'in zubarwa, kullum bayan la'asar zai yi. 'Yarsa Hadijatu, wadda ke koyarwa a wata makarantar 'yan mata, ita ma ta yi magana, ya ce ta koma ta duba littattafan ɗalibanta.

Kibiyar farko ta tafi hagu. Ta biyu hagu. Mako guda, kwalin nan ko ƙwarzane babu, bangon gefensa kuwa ya zama kamar fuskar mai zanzana. Mish'al ya koya masa a waya cewa in kibiya ta kauce, sai ka matsar da tsinke ya bi ta. Isufu ya yi ta murɗa ƙusa har ta ƙare, kibiya na nan kan ra'ayinta. Ya ce saitin ne jabu.

Muka koma Rusaifa. Wanda ya san aikinsa zai ce tsaya, Baba, ja in gani. Mish'al bai ce ba. Ya jawo mai tsinke biyar, kowanne da launinsa, har da 'yar fitila. Wai mutumin da ya kasa ɗora ɗigo ɗaya kan katifa, maganinsa a ƙara masa huɗu. Bayan mako uku muka sake komawa, ya ba shi mai tsinke bakwai da wani faifai da ake juyawa don nisan mita tamanin. Rufin gidan Isufu duka-duka taku goma sha biyar ne. Na ce wa Mish'al saura ya haɗa masa da na'urar hangen wata, ya yi dariya, ya zaci yabo ne.

A hagun katifar akwai tankin ruwa. Kan tankin Hadijatu ke ajiye wa tattabaru ruwa a faranti, tun tana yarinya. Ranar wata Talata ina wurin, ina zaune a bayan Isufu, don na lura nan ne kaɗai kibiyarsa ba ta zuwa. Ya ja, ya daɗe yana karkata kai kamar kaza na kallon shaho, ya saki. Muka ji wani ɗan sauti da ba na bango ba. Sauran tsuntsayen suka tashi, ɗaya ba ta tashi ba.

Isufu ya ajiye bakan a hankali. Ya je ya ɗauko ta da hannu biyu, yana ta salati. Hadijatu ta hau rufin, ta duba, ba ta ce da ubanta komai ba, ta ɗauke farantinta ta sauka. Wannan shirun ya fi masa zafi da duk abin da ni na faɗa, kuma na faɗi da yawa.

Limamin unguwa bai ja magana ba. Tattabarar Harami ce, ko da kuskure ne, sai a yanka dabba a raba wa miskinan Makka, ita kuma tattabarar ba a cin ta. Haka ɗan Sarkin Baka ya yi farautarsa ta farko: nama haramun, da rago a kai. A motata aka ɗauko ragon, ya yi min kashi a kan tabarmar salla. Kafin magariba labari ya zaga Misfala. Mai shayi ya fara kiransa Sarkin Bakan Tattabaru, mai carbi kuma in ya ga tsuntsu ya sauka kusa sai ya ce masa ya gudu, maigida na nan.

Washegari na same shi a lungunsa yana cewa akwai wani saiti da ake kawowa daga waje, shi ne na gaske. Na zauna ina huci, na rasa ta inda zan fara. Sai ya ɗauki zare zai zura a allura. Ya juya fuskarsa gaba ɗaya zuwa dama, ya kawo allurar daidai idon hagu, ya zura. Shekara ashirin ina ganin wannan juyin, na ɗauka yanga ce.

Na tashi, na sa tafin hannuna na rufe masa idon hagu, na ce ya karanta min allon otal ɗin da ke tsallaken titi. Haruffan allon kowanne ya kai tsawon mutum. Ya ƙura ido, ya kasa. Na ce to ya faɗa min launinsa. Ya ture hannuna.

A hankali ya faɗa, yana kallon keke. Shekara ashirin da suka wuce allura ta karye, guntun ya tashi ya same shi a idon dama. Idon ya warke a gani, amma tun ranar hazo kawai yake nuna masa. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa ta rasu ba ta sani ba, don yana tsoron a ce mai zif ido ɗaya gare shi, alhazai su kai jakunkunansu gaba. Ramin tsirkiyar kuwa daidai idon dama yake zuwa. Da ya leƙa bai ga komai ba, sai ya riƙa satar kallo da na hagu ta gefen tsirkiya. Kibiyar ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, inda ya aike ta take zuwa.

Ban tausaya masa ba a lokacin, gaskiya. Na ce masa ya kashe wata biyu, ya kashe tattabara, ya kashe rago, ya sa 'yarsa ta daina yi masa magana, duk don kada mai shayi ya san abin da Allah ya riga ya sani. Ya ce in rage murya. Na ƙara.

A Rusaifa ban bar Mish'al ya kawo shayi ba. Na jera masa saitinsa uku a kan teburi, na tambaye shi ko da hannu ake ganin nama. Ya ce Ammi bai faɗa masa ba. Na ce wanda ya san abin da zai faɗa ba sabon koyo ba ne, aikin mai shago ne ya bincika. Abin da ya ƙara tunzura ni, ashe ya san gwajin. Nan take ya sa Isufu ya miƙe hannuwa ya haɗa su ya bar ɗan rami a tsakiya, ya kalli agogon bango ta ciki, ya jawo hannuwan zuwa fuska. Suka tafi kai tsaye kan idon hagu. Abin bai ɗauki tsawon fatiha ba.

Mish'al ya ce laifinsa ne, ya shiga ciki ya fito da bakan da ake ja da hagu, da saiti mai tsinke ɗaya, ɗigonsa babba, ba fitila ba faifai. Ya ce a tsayar da shi a mita ashirin a manta da shi, abin da ya fi haka nisa a bar wa Allah. Wannan saitin tun ranar farko yana rataye a bayan ƙofa, ƙura ta rufe shi.

Sai Isufu ya tubure.

"Da hannun da nika tsarki zan karɓi gadon ubana?"

Na ɗauki bakan na danƙa masa. Na ce ya duba da kyau wane hannu ne ke riƙe da shi. Bakan da ake ja da hagu, a hannun dama yake zama, hagun dako kawai yake yi. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce a naɗe.

Rufin gida kuma an gama da shi. Kowace Juma'a da Talata da sassafe nakan fitar da shi bayan iyakar Harami, gonar wani abokina Ma'aruf a hanyar Jumum. Makon farko hannun hagun ko rabin tsirkiya bai iya ja ba, yana ja yana nishi yana tsine wa Mish'al da kakarsa. Mako na uku kibiya ta shiga katifa. Mako na bakwai ta shiga kwali, Hadijatu kuma ta yarda ta biyo mu ta riƙa cire masa kibau. A wata na ƙarshe yana zuba biyar a wurin da faranti zai rufe, in dai nisan bai wuce ashirin ba. In ya wuce, sai ya sauke bakan ya ce wannan ba rabonsa ba ne.

Ya tafi ana saura kwana tara a buɗe daji. Hadijatu ce ta kawo min hoton bidiyon da wani ya ɗauka da waya. Ga Isufu cikin rigar maharba da ta yi masa gajarta, dattawa a bayansa suna kallon bakan nan mai tayoyi kamar za su tambaye shi lasisi. Suka tayar da zabin daji, biyu suka yi nisa, ya ƙyale su, har wani tsoho ya yi tsaki. Ta uku ta tsaya kusa da wata sabara. Ya ja da hagu, ya rufe idon da dama ba ya amfani da shi, ya saki. Ta faɗi.

Mutane suka ɗauki kirari, shi kuwa ya tsaya ƙiƙam, fuskarsa irin ta ranar tankin ruwa. Ya matsa kusa da tsohon da ya yi tsakin, ya tambaye shi a hankali ina ake samun rago a nan kusa. Tsohon ya ce na me? Da aka gane, sai da aka zaunar da wasu don dariya. Suka ce masa nan ba a biyan fansa, barkono ake sa mata.

Kwarin yana nan rataye a ɗakin ubansa. Isufu ya ce wata ɗaya zai yi, yau wata bakwai. Lungunsa wani mai rigunan waya ya gaje shi, mutumin kirki, ko ka tare masa iska sai ya ce maka sannu. Zif ɗin jakar takarduna ya tsinke tun azumi, da igiya nake ɗaure ta. Na aika wa Isufu hotonta, ya aiko min da murya wai in kai wa Mish'al, ya sa mata guda bakwai.