Injiniya da Kashi Shida da Suka Rage

Ƙarfe takwas na safe yake buɗe shagonsa, ya share gaban tebur, ya goge tabarau da bakin riga. A jakarsa akwai doguwar waya, da sukudireba, da farin tef, da biro. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haɗa wa mutane intanet a gidaje da shaguna. Kowa Injiniya yake ce masa, shi kuwa ya ce ko ƙofar ajin injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don ido ya fara gardama da ƙananan lambobi.

Halinsa biyu ne. Ba ya taɓa na'ura sai ya gama tambaya. Kuma duk rautar da ya gyara, wato akwatin nan mai raba intanet, sai ya manna tef a ƙasanta ya rubuta abin da ya yi. Mai kemis na layinmu ya ce tef uku ne a tasa, kuma na ukun faɗa ne.

Ni a shagona na buga takardu na ga aikinsa. Mijin gwaggona, kafin ya rasu, ya cika kaset goma sha ɗaya da labarin rayuwarsa. Ɗansu da ke wata ƙasa ya juye su a kwamfuta, daga baya ruwa ya shiga ɗakinsa ya cinye kaset ɗin. Kwafi ɗaya ya rage, a tsohuwar kwamfutarsa da faifanta na ajiya ya fara ƙara kamar keken ɗinki. Muka ce ya turo shagona don Gwaggo ta ji. Layinsa na yawan yankewa, sai muka koma manhajar da ke turo fayil gutsure-gutsure daga kwamfuta zuwa kwamfuta. A gidan hayarsa ba a bari a taɓa rauta, don haka ni na buɗe ƙofa a tawa, wato lambar da saƙo ke shigowa ta kanta. Abu ya tafi sumul har kashi casa'in da huɗu, sai ya tsaya cak. Kaset goma sun iso. Na ƙarshe ne ya maƙale, kuma a cikinsa ne marigayi ya yi maganar Gwaggo.

Kwana tara tana zuwa ta zauna a benci.

"Ya ƙarasa?"

"Saura kaɗan, Gwaggo."

"Kaɗan ɗin nan naka ya fi wata."

Na zagi kamfanin intanet, na goge manhaja na sake sawa, duk a banza. Kunya ce ta hana ni kiran Injiniya da wuri, gaskiya ke nan.

Da ya zo, ya gaida Gwaggo, ya tsaya hannu a baya.

"Yaushe aka ɗauke muku wuta?"

"Waccan Talatar."

"Da ta dawo, me ka fara kunnawa?"

"Firinta. Akwai masu jiran takardu."

"To, madalla. Kwana tara firintarka na karɓar baƙin da ba nata ba."

Ashe rauta tana raba wa na'urori adireshi ne yayin da suka tashi. Firinta ta riga kwamfuta tashi, ta ɗauke adireshinta, ƙofar da na buɗe ta koma kan firinta. Ya kafe wa kwamfuta adireshi ɗaya, ya mayar da ƙofar can. Kafin ya rufe biro, lamba ta koma casa'in da biyar. Da la'asar ta cika ɗari. Bayan kwana uku faifan ɗan gwaggona ya mutu murus.

Gwaggo ta sa abin kunne ta saurara har ƙarshe. Ba ta faɗa mana abin da ya ce ba. Cewa kawai ta yi, "Shi ne, har tarin."

Injiniya, kai ne mai tambaya kafin taɓawa. Ba ka san marigayi ba, amma kai ka kawo muryarsa gida. Mun gode, Allah Ya ƙara wa idon nan lafiya. Masu tasowa a sana'ar nan, ku koyi tambayarsa kafin ku sayi irin jakarsa.

Jiya na kifa rautata na karanta tef ɗin. Lambar ƙofa, adireshi, kwanan wata, sai layi ɗaya a ƙasa: "Firinta ba ta da laifi."