Bakan Shiɓar Inna Marka

Kafin teloli su buɗe rumfuna, Inna Marka ta riga ta isa layinsu a kasuwar Gummi da tsintsiya da buhu. Abin da keken ɗinki ya zubar jiya take tarawa: burbuɗin zare, gashin yadi, guntayen ƙyallen da ko 'yar tsana ba za su yi wa riga ba. Ta kai gida ta wanke, ta shanya, ta haɗa da audugar da ta gurje da hannunta, ta shiɓe da baka har ta yi laushi, ta cusa a matashin kai ko katifa. Shekara arba'in ke nan.

"Mai kwasar shara" ake ce mata, kuma masu faɗin a kan katifarta aka rene su. Ɗanta Maikuɗi ma, da ya buɗe shagon katifar soso, ya roƙe ta ta daina ba shi kunya. Ta ce kunyar tasa ce, ya riƙe abarsa.

Bara rami ya rufta da maƙwabcinta Rabe wurin haƙar zinariya a Bagega, aka kawo shi ƙafafu ba sa motsi. 'Yan'uwansa, don gata, suka saya masa sabuwar katifar soso, suka ƙi cire ledarta wai kada ta yi datti. Ga zafin bazara. Mako uku bayansa ya ɓare, gyambo ya fara wari. Ma'aikacin asibiti ya wanke ya ba da magani, ya gaya wa Sahura, matar Rabe, cewa in bayan nan bai sha iska ba, ciwon zai tafi da shi.

Inna Marka ta shigo ta zura hannu ƙarƙashinsa, ta fiddo hannun sharkaf da gumi.

"Ku hidda min wagga leda," in ji ta. "Mutum kunka kwantar ko kihi?"

Katifa biyu ta ɗinka, kowacce da gurbi daidai gyambon. Duk bayan kwana uku sai ta sauya, ta farke ɗayar, ta shanya audugar a rana, ta sake shiɓewa. Ta koya wa Sahura juya shi. Da ƙurar auduga ta sa mata tari, Maikuɗi ya ɓoye bakan, ita kuwa ta sari reshe ta ɗaura sabo. Wata huɗu gyambon ya rufe. Yau Rabe na zaune a ƙofar gida yana sayar da goro.

Inna, ke ce kika san abin da tsintsiya ta taro ba shara ba ne. Mun raina ki, kuma mun ji kunya. Allah ya saka miki, ya yaye miki tarin nan.

An ce bana za ta ajiye aiki. Sahura ta tambaye ta, sai ta ce, "Wa yac ce? In na aje, wa anka koya ma?"

To, ga tambaya nan, mata da 'yan matan Gummi. Sahura dai ta riga ta sari nata reshen.