Rabin Kunnena na Hagu

Ni zabiya ne, abin da kowa ke hangowa tun daga bakin layinmu a Unguwar Shanu. Amma na shafe shekaru ina ɓoye shi kamar wani sirri.

Gyaran babur nake yi, a fili, rana na dukana daga hantsi har la'asar. A garejinmu ba a kashe rediyo. Duk ranar da aka sako shirin lafiya, likita ya ambaci masu irin fatata, sai idanun abokan aiki su juyo kaina, wani ya ce, "Bature, da kai ake!" Sai in yi wuf in murɗa tasha, wai labarin ƙwallo nake nema. Ni da ko gola ban taɓa tsayawa ba.

Muna da maƙwabciya nas, 'yar kudancin Kaduna, Mama muke ce mata. Wata rana ta tare ni a bakin famfo.

"Ɗana, ƙurjin nan na kunnenka ya daɗe. Ka riƙa sa malafa, kuma ka zo asibiti a duba."

Na ce, "Mama, ai cizon sauro ne."

"Sauro tun azumin bara?"

Haushi ya kama ni, don a gaban mutane ta faɗa. Malafa kuwa na ƙi ta, wai kada a gane ni. Na koma bi ta bayan layi don kada mu haɗu. In ƙurjin ya yi jini, sai in ɗiga masa man birki, maganin kowane rauni a wurin bakanike, in ci gaba da aikina ina jin kaina gwani.

Sai da ya fara wari na kai kaina asibiti. Likita ya ce ciwon dajin fata ne, kuma da na zo da wuri, ɗan kaɗan za a cire. Rabin kunnen suka yanke. Na tsorata ƙwarai, na yi kuka da gemuna.

Da aka sallame ni, Inna, mahaifiyata, ta zauna kusa da ni tana kallon bandejin. Can ta ce, "Ni ma ina jin shirin lafiyar nan a ɗaki. Duk abin da suke faɗa na haddace."

"To Inna, me ya hana ki gaya min?"



"Tun kana goye kowa zancen fatarka yake yi. Na so a ce akwai gida ɗaya da ba a yi maka shi."