'Yan Amshi a Kunnen Hagu

Shekara ashirin da ɗoriya ina gyaran rediyo da amfilifaya a Gyadi-Gyadi, kuma da kaset ɗaya nake gwada kowane aiki. Waƙar gargajiya ce, amma wanda ya ɗauke ta ya san aikinsa: mawaƙin da kukumarsa a sifikar dama, 'yan amshi da kalangu a ta hagu. In ka zauna a tsakiya sai ka rantse a zaure kake tare da su, yana ba da baiti ta nan, suna karɓa ta can. Duk injin da ya cakuɗa mini su wuri guda ba ya fita daga shagona.

Ina ji da kunnena, ba zan ɓoye ba. Maigidan da ya koya mini aiki ya raina mita, na'urar nan ta awo. Sai ya ƙure ƙara, ya ce in manna kunne a jikin sifika in nemo inda take gurnani. Kullum na hagu nake mannawa, don hannun dama yana riƙe da sukundireba. Haka na yi ta yi har furfura ta fito, ina yi wa masu mita dariya. Da kunnen ya fara yi mini kuka, na ce mura ce.

Wata nas daga Darmanawa, mai aiki a asibitin koyarwa, ta kawo amfilifayar marigayi mahaifinta. Gyaran bai taka kara ya karya ba. Na gama, na sa hedifon saboda hayaniyar 'yan adaidaita a bakin titi, na kunna kaset ɗin. Mawaƙi ya fito tar. Hagu kuwa shiru.

Kwana uku ina kwance injin nan ina ɗaurewa. Na narka dalma, na canja abin da lafiyarsa ƙalau, na zagi waɗanda suka ƙera shi har na gaji.

Da ta dawo na ce, "Sista, ɓangaren hagu ya mutu, sai haƙuri."

Ta ɗauki hedifon ta saurara. "Baba, ai ga 'yan amshi nan suna ta yi."

"Ke za ki koya mini aikina?"

Ta juya hedifon ɗin, hagu ya koma dama, ta ɗora mini a ka. 'Yan amshi suka cika mini kunnen dama, kalangu na tashi. Mawaƙin ne ya ɓace.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma haushinta na ji, ita da ba ta yi mini komai ba. Ita ta matsa har na je asibitinsu. Likita ya ce ƙara ce ta cinye jijiyar kunnena na hagu a hankali, kuma ba ta dawowa.

Shagon yana nan. Na sayi mita, ita ke faɗa mini hagu na aiki, ni kuma in gyaɗa kai. Ba wanda ya lura. Masu kawo gyara yanzu sun saba jin waƙa ta ɗan ramin wayar salula, ba ruwansu da dama ko hagu, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Wani lokaci ina sa kaset ɗin a sifiku biyu, in zauna a tsakiya yadda na saba. Ina jin kowa, amma a cure, kukuma a kan kalangu, mawaƙi a cikin 'yan amshinsa. Da inji aka kawo mini yana haka, da ban bar shi ya fita daga shagona ba.