Daga Bukit Jalil Zuwa Gembu Don Wata Uwa Ta Ga Ɗanta

Gari bai gama wayewa ba muka bar Bukit Jalil, ni da abokin zamana, kowa da takunkumi a fuska. Shi rakiya kawai ya yi mini zuwa filin jirgi. Ni na samu izinin zuwa gida tattara bayanan bincikena, shi kuwa karatunsa ya zo gangara, kuma a wannan zamani na korona in ka fita daga Malesiya ba ka da tabbacin ranar da za a bar ka ka dawo. Bafulatani ne daga tsaunin Mambila, ba mai yawan magana ba. Sai da muka kai bakin ƙofar shiga ya riƙe hannun jakata ya ce, "Don Allah in ka samu sarari ka je mini Gembu. Dada ba ta yarda ina raye ba."

Na san labarin. Watannin baya cutar ta kwantar da shi a asibiti, aka daina jin ɗuriyarsa, sai wani ya kai magana kasuwar ƙauyensu cewa ya rasu har an binne shi a can. Da ya warke ya yi ta aika saƙon murya, ana kai wa Dada, mahaifiyarsa, har ruga. Tsohuwa ta saurara ta ce murya ai ko ta mamaci tana zama a cikin waya.

Filin jirgin Kuala Lumpur da kuka sani da cunkoso, ranar nan takun ƙafata nake ji. Ba zan gajiyar da ku da labarin tsinken gwaji da aka yi ta zura mana a hanci ba. Na isa gida lafiya, na huta, na rage aikina, sannan na kama hanyar Jalingo.

Daga Jalingo muka tashi da sassafe a wata tsohuwar mota da aka cusa mu kamar buhunan masara. Muka wuce Bali, muka wuce Serti, zafi kamar ya dafa mutum, hanya kuma wani wuri kwalta, wani wuri tarihin kwalta. A Mayo Selbe direba ya tsaya ya zuba wa mota ruwa, ya ce duk mai addu'a ya fara. Na yi dariya. Ba a jima ba na daina.

Jama'a, hawan nan ba a ba da labarinsa, sai dai a gani. Hanya ta nannaɗe jikin dutse, dama bango, hagu rami wanda ido ba ya kai wa ƙarshensa. Mota tana kuka, mu muna salati. Wata mata a bayana ta rufe fuska da mayafi ta ce a gaya mata in an isa, ko nan ko lahira. Kunnuwana suka toshe. Sannu a hankali iska ta sauya, zufa ta bushe, na fara laluben rigar sanyi. Da muka yi wata kwana sai ga gajimare a ƙasa da mu, fari fat, ya cika kwarin da muka baro. Kowa ya leƙa taga yana kallo.

Na taɓa zuwa tsaunukan Cameron Highlands na Malesiya tare da wasunku, mun yi ta ɗaukar hoto muna cewa ina ma a ce muna da irin wannan a gida. To, muna da shi. Bambancin kawai, a nan babu otal-otal da suka tare maka gani. Tuddai ne kore shar, ɗaya bayan ɗaya har inda sama ta sauka, ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, jajayen shanu masu dogon ƙaho a warwatse a kai. Bayan Nguroje muka hango gonakin shayi a jere, da dogayen itatuwan turare da ƙamshinsu ke shigowa ta taga.

Gembu gari ne da ke kwance a jikin tudu, duk inda ka nufa ko hawa kake ko gangara. Za ka ji Fulatanci da Mambilanci da Hausa a rumfa ɗaya. Piyar da muke kallo mu wuce a kantunan Bukit Bintang saboda tsada, a nan tulinta ake sayarwa a bakin hanya kamar ba a so. Na ci tuwon masara da miyar ganye da man shanu, na kwana cikin bargo biyu ina tambayar kaina ko har yanzu a Najeriya nake.

Da safe baffan abokina ya zo ɗaukata. Dattijo ne siriri, da sanda a kafaɗa da takalmin roba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ka iya tafiya?" Na ce ai ina zagaya tafkin Titiwangsa na Kuala Lumpur duk mako. Ya ce madalla, da muryar wanda bai san wurin ba kuma bai ga alamar zai taimaka ba.

Babur ya kai mu inda hanya ta ƙare, sauran kuwa ƙafa. Muka ratsa ciyawa mai raɓa har gwiwa, muka tsallake ƙoramu masu ruwan sanyi kamar ƙanƙara, muka wuce wani ruwa da ke zubowa daga kan dutse wanda ƙararsa ta riga ganinsa isowa. Baffa yana gaba yana hira, ni ina baya ina neman numfashi. Duk tudun da na ce shi ne na ƙarshe, sai in tarar da yayansa a bayansa. Amma duk inda na tsaya hutawa sai in manta da gajiyar, don ban taɓa ganin ƙasa da faɗi haka ba, ban kuma taɓa jin shiru irin wannan ba.

Da la'asar muka gangara rugar, a cikin wani kwari. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo kindirmo mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Dada ta fito tana dogara sanda, doguwar tsohuwa mai tsaga a kumatu. Muka gaisa, Baffa yana fassara inda Hausarta ta tsaya. Ta tambayi hanya, ta tambayi iyayena, ta tambayi sanyi. Ba ta tambayi ɗanta ba. Ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ko ambaci sunansa. Sai can ta ce, tana kallon ƙasa, "Wanda kuke zaune tare, da idonka ka baro shi?"

Na ce, "Dada, shi ya raka ni filin jirgi."

Ta ce, "Baƙo ba ya kawo mugun labari ranar da ya sauka."

A kwarin babu sabis ko kaɗan, sai a kan tudun da ke bayan rugar. Washegari da hantsi, lokacin da la'asar ta yi a Malesiya, muka ce za mu hau. Baffa ya kawo doki, ta ƙi. Da sandarta ta hau, tana tsayawa tana hutawa. A can sama iska tana kaɗawa, gajimare yana wucewa ta gefenmu. Na ɗaga waya sama ina juyi har Allah ya sa ta kama. Kira ya shiga, ya yanke, ya sake shiga. Sai ga fuskar abokina a bidiyo, yana zaune a falonmu.

Na miƙa mata. Ta kawar da kai gefe. Shi ma ya sunkuyar da nasa yana gaishe ta da Fulatanci. Ta saci kallo sau ɗaya, ta sake kawar da kai. Sannan ta ce da ni, ba da shi ba, "Ce masa ya ɗaga hannu."

Ya ɗaga.

"Ce masa ya juya."

Ya tashi ya juya a gaban waya kamar ƙaramin yaro. Ta daɗe tana kallo, wannan karon ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Ya rame. Ba kwa ba shi abinci ne?" Baffa ya fashe da dariya yana share ido da bakin rawani. Da kiran ya yanke, ta zauna a kan ciyawa ta fuskanci kwari, ta faɗi sunansa a hankali. Baffa ya ce tun da aka haifi yaron bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

Dawowa ta fi sauƙi, ko don gangara ce. Na sauka Kuala Lumpur aka killace ni a otal, ina leƙen motoci ta taga, jikina a nan, hankalina a kan tudu. Tafiyar nan ta koya mini cewa mun yi nisa muna yabon ƙasar mutane alhali ba mu gama ganin tamu ba. Ta kuma nuna mini cewa a wannan annoba ba marasa lafiya kaɗai suka sha wuya ba, har da waɗanda aka bari suna jira ba su san me za su gaskata ba.

Ranar da aka sallame ni, abokina ya ja ni shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, na ƙasan gidanmu. Ya yi odar abinci faranti biyu shi kaɗai. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Umarni ne daga sama, Dada ta ce na rame." Ya gyara zama, ya ture wayarsa gefe, ya ce, "To, fara mini daga Mayo Selbe. Kada ka tsallake ko tudu ɗaya."